Ni na tura ƙanwata wurin wanda ya damfare ni a Misra

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari, ya gida ya yara, ya jama'ar wannan shafi? Don girman Allah ki sakaya sunana. Ku kuma masu karatu ku taimaka ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Kabo, ina sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Shekara uku da suka wuce na raka maigidana Misra aka yi masa aikin ido. Duk danginmu ni ce mace ta farko da ta taka ƙasar waje ba don aikin Hajji ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan suna. Da ya samu sauƙi sai muka je kallon dalar Fir'auna. Muna tsaye muna hira sai ga wani Balarabe fes da shi, da carbi a hannu, ya ce, "Sannu Hajiya, ya Kano? Ya ruwa?" Wallahi sai na ji kamar ɗan unguwarmu na gani. Ya ce da ɗaliban Kano ya yi karatu, ya gargaɗe mu da 'yan damfara, ya raka mu ko'ina bai karɓi ko sisi ba. Daga ƙarshe ya kai mu shagon gwal na kawunsa, wai farashin 'yan'uwa za a yi mana. Aka kawo shayi, na zaɓi sarƙa da 'yan kunne, aka goga a dutsen gwajin gwal a gabana, aka ɗora a sikeli a gabana. Sai kawun ya ce bari a shiga ciki a goge a sa a akwati. A bayan labulen nan aka musanya. Ban gane ba sai da na sa ta a wani biki, na dawo gida na ga wuyana ya yi kore. Na kai wa mai gwal a ɓoye, ya ce tagulla ce aka yi wa wankan ruwan gwal. Ko maigidana ban gaya wa ba. Na jefa ta ƙasan akwati, na ci gaba da cika baki a gidan biki cewa ni fa ina da mutum a Misra.

To ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Gwarzo, tana koyar da matan aure da 'yan mata a Islamiyya. Malama kowa yake ce mata, har Innarmu da ta haife ta. Tun muna yara haka abin yake, in an aiki mutum da kuɗi ita za a ba, ni a ce in raka ta. Ni ce babba fa! Bana sai aka zaɓe ta cikin malaman da za su je wani kwas na 'yan makonni a Misra. Hajiya, kin san al'adarmu ta sallahu, in mutum zai yi tafiya kowa ya kawo nasa a sayo masa. Mata suka yi ta tururuwa gidanta daga Garo, daga Gude, daga Gammo, wata ta sayar da awaki, wata ta sayar da gyaɗarta, duk a sayo wa 'ya'yansu gwal na aure. Ni da na tafi ko allura ba wadda ta ba ni sallahunta. Ina zaune a ɗakin Inna tare da wasu mata sai Inna ta ce, "Ai abu in yana hannun Malama, mai shi ya yi barcinsa." Na yi dariya tare da kowa, amma zuciyata kamar an zuba mata barkono. Ƙasar ma da nake taƙama da ita, ita ma sai ta karɓe?

Ana saura kwana biyu ta tashi ta zo har gidana, ta zauna a tabarma ta ce, "Yaya, wallahi tsoro nake ji, dukiyar mutane ce, ni kuma ban san gwal ba. Ki haɗa ni da mutumin nan naki." Na dube ta. Magana ɗaya ce za ta raba ta da wannan bala'i, in ce mata ɓarawo ne, ko in ce kada ta bari a shige da kaya bayan labule. Na ɗauko waya na ba ta lambarsa. Har na ƙara da cewa, "Ki ce masa ke ƙanwata ce." Me nake tunani a lokacin? Cewa na yi a raina, bari ita ma ta yi kuskure sau ɗaya a duniya, a san mutum ce kamar kowa. Ban tuna da awakin kowa ba.

Ta dawo ta raba wa kowa kayansa a akwati mai kyau, ana ta sa mata albarka, har tsarabar turare ta kawo mini tana godiya. Ba a yi wata biyu ba aka yi bikin 'yar wata baiwar Allah a Gude, kunnen amarya ya yi baƙi tun kafin a kai ta. Aka kai wa mai gwal, ya faɗi abin da na riga na sani. Sauran matan suka kwaso nasu, duk jabu. Yanzu maganar da take yawo ita ce Malama ta sayo na roba ta danne kuɗin, har rufin kwanon da mijinta ya canza tun bara, kafin ma ta tafi, an ce da kuɗin aka yi. Iyaye sun fara cire 'ya'yansu daga ajinta. Matar Gude ta tsaya a ƙofar makaranta tana kuka tana cewa, "Malama, ke da kike koya mana amana?" Kuma ga abin da ya fi ba ni kunya: ranar da na fara jin labarin, kafin tausayi ya zo, wani sanyi na ji a raina. Wace irin yaya ce ni?

Har yau ba ta ambaci sunana ga kowa ba. Jiya ta zo, ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta ce dattawan makarantar za su zauna ranar Asabar, su yanke ko za ta ci gaba da koyarwa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, na kasa barci saboda ke. Ina jin ke ma mutumin nan ya cuce ki ba ki sani ba. Ki zo da sarƙarki a gwada a gaban kowa. In ita ma jabu ce, za su gane mu biyu aka zalunta." Sai ta hau ba ni haƙuri, wai kada in ɗaga hankalina in an ce ba gwal ba ce.

Kun ga inda nake. In na kai sarƙar na yi salati na nuna ban taɓa sani ba, ta fita, ni ma na fita, har a tausaya mini. Amma na san limamin da zai jagoranci zaman, sai ya ce in rantse cewa ban sani ba lokacin da na tura ta. In kuma na faɗi gaskiya, za a wanke ta tas, ni kuma ban san da wane ido zan kalli Inna ba, ban san ko Malama za ta sake ce mini Yaya ba. In na ƙi zuwa, ajinta ya tafi, sunanta ma ya tafi.

Yau Alhamis. Na ciro sarƙar tana gabana, Malama kuma ta kira sau biyu tana tambaya ko ta turo a ɗauke ni. Jama'a, ku dubi Allah ku gaya mini, me zan yi?