Akuyar Cikin Waya da Allurar Kaka

Arlit, ranar Litinin

Zuwa ga ɗana Kalilu, a Assamaka.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiyar hanya, ina zafin bakin iyaka? Mu nan lafiya lau, matarka Maryama na gaishe ka. Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Ban yi shekara uku a makarantar yamma ba, lokacin tawaye ana hana fita gari, don in bar alƙalami ya bushe.

Maganar ’yarka Mina ce, amaryata. Likitan da zai yi mata aikin cibiya ya iso daga Yamai, kuma ranar Alhamis zai koma. In ta ƙi shiga wannan karon, sai bayan wata shida, ga kumburin yana ƙaruwa. Ka tuna bara, da ta ga robar da ake ɗora wa mutum a hanci don ya yi barci, ta ciji Majo Intala, babban ma’aikacin jinya, ta shige ƙarƙashin gado. Har yau tabon na nan a yatsansa, ya nuna mini.

Shi majon ne ya sa wa Maryama wata manhaja a waya, ta shirya yara kafin aiki. A ciki akwai akuya mai tabarau da farar riga, tana Hausar Kano tiryan-tiryan. Ita ke nuna wa yaro abin da za a yi masa ɗaya bayan ɗaya, amma dokarta ita ce yaro ya fara gwada kowane abu a kan babban mutum, sannan a ba shi tauraro. Babban mutumin gidan nan kuwa ka san ko wane ne.

Kwana huɗu ke nan ina kwance a tabarma. An kifa mini mazurarin mai a hanci, an naɗe mini ƙafa da ɗankwali, an soke ni da tsinken tsintsiya sau tara. Akwai kuma balan-balan da ake hurawa ta bakin wayar. Mina na cika ta da numfashi uku. Ni da na yi shekara ashirin da shida a ramin haƙar ma’adini na Akokan, na hura har idona ya yi ja, akuya ta ce in ƙara ƙoƙari, ni yaron kirki ne.

To ga inda na jawo wa kaina. Na cika baki na ce wa Mina mu mutanen rami ba ma tsoron allura. Sai ta ce tsinke ba allura ba ne, tunda dokar akuya babba ne ke farawa, ba za ta shiga ɗakin likita ba sai an yi wa angonta ta gaske a gabanta. Majo ya ce dama yana son ɗibar jinina saboda tarin nan da ke damuna.

Kalilu, abin da zan faɗa maka ko mahaifiyarka ba ta sani ba. Ba a taɓa yi mini allura ba. Duk ranar awon ma’aikata, zawo ke kama ni. Ka sa ni a addu’a.

Mahaifinka,
Ramalan

Arlit, ranar Juma’a

Zuwa ga ɗana Kalilu.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan tafiyarka, alhamdu lillahi! An yi aiki, an gama lafiya, Mina ta farka har ta nemi kunu.

Ga yadda aka yi. Laraba da safe na sa babbar rigata ta Salla, don in abin ya zo da ƙarar kwana a same ni cikin mutunci. Da muka isa asibiti na zauna, na miƙa hannu. Mina ta riƙe mini waya a gaban fuska, ta ce in kalli akuya kada in kalli majo, in ja numfashi in hura balan-balan. Na hura sau ɗaya. Sai na saci kallon allurar.

Abin da na sani bayan nan shi ne ina ƙasa, hulata na can bakin ƙofa, Maryama na yi mini fifita da takardar likita. Zuciyata ta yanke, na ce shi ke nan, na ɓata komai, yarinya ta ga abin da allura ke yi wa ƙato.

Ashe dariya take yi har tana riƙe cibiya. Ta ce wa majo angon nan nata bai iya komai ba, akuya ta ce kada a kalla, shi kuma ya kalla. Ta hau gadon aikin da kanta, ta ce a matso da ni bakin ƙofa in ga yadda ake yi. Ta karɓi robar hancin, ta ja numfashi, ta ɗaga mini yatsa ɗaya, ta ɗaga na biyu. Na ukun bai tashi ba. Nan na yi kuka, kuma ban ɓoye ba.

Yanzu labari ya zagaya asibiti. Tsohon abokin aikina Hamadi ya zo dubiya daga Gougaram, ya wuce gadon Mina ya zo yana yi mini sannu da jiki. Majo kuma ya ce jinin da ya samu kafin in faɗi bai isa ba, sai an sake ranar Litinin, a ɗauki hoton ƙirji. Na so in ce cikina ya fara juyawa, amma Mina ta riga ta sa Maryama ta buɗe mini nawa shafin a wayar. Tauraronta arba’in da ɗaya. Nawa ɗaya ne, shi ma don na zo ne kawai aka ba ni.

Zan je. Ta yi alkawarin rufe mini ido da hannunta.

In za ka taho, ka sayo mata dabino mai taushi. Ka gai da direbobi, amma wannan takarda kada ka karanta musu.

Mahaifinka mai farin ciki,
Ramalan