Muryar Inna a Kasuwar Babura

Kazaure, Litinin.

Zuwa ga Hamma Lado,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Barira da yara. Ya Fatakwal, ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.

Bayan haka, Baffa ya yi fushi da ni, gara ka ji daga bakina. Ka san aikina a kwaleji shirya darussan da ake sakawa a intanet kyauta. Bara na haɗa kwas kan sarrafa madara, na je gida Gwiwa na ɗauki Inna a bidiyo tana koyar da yadda ake dafa madara, a kwantar da kindirmo, a kaɗa man shanu. Hannuwanta da ƙwarya kawai na nuna, sai muryarta. Na nemi izinin Baffa ya ce to, ashe a zatonsa ɗalibai ne za su kalla a aji, ƙofa a rufe.

Makon jiya ya kai bijimi kasuwar Babura, ya zauna wajen mai shayi, sai ga muryar Inna tana fita daga wayar wani mutumin Nijar, maza sun kewaye suna saurare. Matar da ko a gabansa ba ta ɗaga murya! Ya bar shayin ya taso. Ya aiko min cewa in tattaro muryar matarsa duk inda take, kafin nan kada in taka masa gida.

Hamma, ta ina zan fara? Mun saki darussan ne da sharaɗin kowa ya kwafa ya yi amfani da su. Masu cajin waya suna tura wa mutane a memori, wata malama a Roni ma ta saka su cikin nata darasin. Na sauke na shafinmu, amma hakan bai dawo da komai ba. Na rasa Inna, ina tsoron in rasa Baffa yana raye. Ka ba ni shawara.

Ƙanwarka,
Bahijja.

Kazaure, Lahadi.

Hamma,

Ina gaisuwa, ya jikin Barira? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na bi shawararka, na je na faɗa masa gaskiya cewa muryar ba za ta tattaru ba. Bai amsa gaisuwata ba. Amma ban je hannu rabbana ba. Darasin intanet gajere ake so don kada ya cinye wa mutane data, shi ya sa na yanke duk inda Inna ta kauce: inda take dariya, inda take korar kaji, inda take min tsiyar ban iya riƙe ludayi ba. Waɗannan ba mai su sai ni. Na zuba su a waya na kunna, na ajiye masa a bakin tabarma.

A ciki akwai inda ta ce in tsayar da na'urata, mai gidan ya kusa dawowa, za ta dama masa fura. Wai mai ruwa-ruwa yake so tun aurensu, kuma ba wanda ya iya dama masa sai ita. Baffa ya sa na maimaita masa wurin. Sannan ya kira ni kusa. Ya ce shi mai kauri yake so. Ranar farko tana amarya ta kawo masa mai ruwa, kunya ta sa ya shanye, ita kuma ta ɗauka haka yake so. Bai taɓa gaya mata ba.

Ya ce darasin ya zauna wa mutane, Allah Ya kai mata ladan, amma wannan ɗin kada kowa ya ji.

Kafin in taho na dama masa fura mai kauri. Ya kurɓa sau ɗaya ya turo min ƙwaryar, ya ce in ƙara ruwa.

Ka gaida yara, ka riƙa kiransa.

Ƙanwarka,
Bahijja.