Aya-ayar Lambun Mirriya

Zuwa ga Wasila, sanyin idona, inuwar tsamiyata, ruwan randata a tsakiyar bazara.

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Tun da kika tafi gida Mirriya kika ce kada in biyo ki, ɗakinmu na unguwar Kara-Kara ya ƙuntace. Zagaya shi nake kamar rago a turke. Wannan takardar ma na rubuta na yaga, na sake.

Rezilta, wato sakamakon gwajinki na asibiti, ta iso daga Yamai. Na sa lokotoro, likitanki, ya maimaita mini, kin san ba na yarda da kunnena. Kullutun kafaɗarki ba kansar fata ba ne, kamar yadda aka zata lokacin da aka yanke shi. Kama kawai suka yi. Wata kansa ce da ba a cika gani ba, a naman ƙarƙashin fata take, tana miƙa saiwoyi gefe da gefe. Shi ya sa ta dawo bayan yankan farko. Ya ce ba ta cika bazuwa cikin jiki ba, amma sai an sake aiki, an yanka da faɗi.

Na san kin rantse wuƙa ba za ta ƙara taɓa ki ba. Wa zai ga laifinki? Ni da na riƙe hannunki ranar cire zare? In na matsa miki, ina tsoron na zalunce ki. In na yi shiru, me na zama? Wayyo farin watana, ba ƙofa gabana, ba ƙofa bayana!

Kin tuna lambun Baba na Mirriya, farkon aurenmu? Ina tsinke ganyen ciyawar aya-aya ina jin na yi aiki, kika yi mini dariya har ɗankwalinki ya zame. Kika karɓe fartanyar, kika haƙa nesa da gindin, kika zaro saiwar duka, kika ce ramin zai cike. Ban manta ba. Ke kin manta?

Rantsuwar, abincin kaffararta a wuyana. Tabon kuwa, wallahi ko ya kai faɗin faifai, nan zan riƙa aza goshina.

Ran Lahadi zan shigo motar kasuwa. Ba zan karya maganarki in shiga gidan ba, a bakin lambu zan tsaya. In kin fito da jakarki, mu wuce asibiti. In ba ki fito ba, wata Lahadin ma nan za ki gan ni.

Naki, da tabo ko babu, har ƙasa ta rufe idona,
Lawali