Kunamar Bindigar Baba

Daren Laraba, unguwar Cheras, a ƙasar waje.

Ƙanena Sale ya kira daga gida. Wai kunamar bindigar farautar marigayi Baba ta cika tauri, ya samo mai laushi, da an taɓa ta tashi. "Yaya, gadonmu ce, sai da izininki zan sa."

Ina taga, jirgin ƙasa na wucewa fayau ba kowa, sai nake ganin Baba durƙushe a fadama, leɓensa na motsi. Da gangan ya bar kunamar da tauri, don yatsa ya jira baki ya gama bisimilla, nama ya halatta. Sale kuwa sai ya haɗiye loma yake tunawa.

Na ce ya bari korona ta lafa in dawo tukuna. Allah ya yafe mini, na san babu ranar dawowata.