Fuskarka a Kan Leda

Baba, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka addu'ar samun sauƙin kwanciya. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma miƙo mini ita za ka yi in karanta maka, kana wasa aska kana gyara mini Hausa.

Gida lafiya. Damina ta yi kyau bana, gonarka ta Ollelewa ta cika rumbu har da saura. Matata Hadiza ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, don haka yanzu duk gidan ba mai iya yi masa tsawa. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa.

Labarin da ya sa na zauna rubutu shi ne na yi hotonka. Ka san wanda ke jikin katinka na shaida ba kai ba ne, wani bawan Allah ne a tsorace da aka hana shi motsi. A wani horo da aka yi mana a Damagaram, mu malaman zane, aka koya mana sassaƙa hoto a kan leda mai kauri irin ta daɓen ɗaki. Sai ka yanke duk inda kake so ya fito fari, ka shafa baƙar tawada a kan sauran, ka ɗora takarda ka murza da bayan cokali. Abin da ka yanke ba ya komawa. Da askarka na yi, wadda ƙotarta ta tsage. Kai ka yi wa rabin Belbeji aski da tsaga, yau ga ɗanka ya tsaga taka fuskar. Ka yafe?

Da na zauna, sai na gane ban taɓa kallonka ido da ido ba. Kullum a tsugune nake gaishe ka, in saci kallo daga ƙasa. To haka na sassaƙa ka: gemu ya cinye rabin takarda, hanci kamar ƙofar rumbu, goshi can sama da layuka masu zurfi. Ban nemi kyau ba. Abokan aikina a Tanut sun yi dariya, wai na zana mutum yana faɗa. Ina ruwansu? Ba su san haka fuskarka take ba in kana ɓoye murmushi. Ina son fuskar nan, Baba. Ban taɓa gaya maka ba, kai ma ba ka bar ƙofar faɗa ba.

Tsorona ɗaya ne, kada Inna ta duba ta ce ba ta san wannan mutumin ba. In ta ce haka, na yi niyyar ƙona abin.

Kuma na yi wauta. An gaya mana hoto yana juyewa in ya hau takarda, na manta. Idonka na hagu da ƙaya ta taɓa, wanda yake a lumshe, sai ga shi ya koma dama. Na kai wa Inna hoton a haka. Ta riƙe takardar nesa, ta matso da ita, ta miƙo mini abata, ta ce wannan baƙo ne. Ina tattara kayana, ledar da na sassaƙa ta zame daga jaka. A jikin ledar idon yana inda Allah ya ajiye shi. Inna ta ɗauka, ta duba, sannan ta tashi ta shige ɗaki da ita. Har yau ba ta dawo mini da ita ba, ni kuma wane ni in tambaya?

Ke nan ba zan ƙara buga ko ɗaya ba. 'Yan waɗanda na riga na buga, mu 'ya'yanka muka raba, da idon a juye. Raina fes. Washegari da ta miƙo mini kunu na ga baƙar tawada a yatsunta, ta ce baƙin tukunya ne.

Sai mun zo, Baba. Allah ya haskaka makwancinka.

Ɗanka da har yanzu yake tsugune,
Ma'aruf