Allon Mahauci

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Inna? Mu lafiya lau, ɗinki bakwai ne kawai a goshin maigidana.

Mahaucin layinmu ya kawo aikin allon shagonsa wurinmu na yankan ƙarfe, ni da maigidana. Ni nake shigar da rubutu a kwamfuta kafin injin ya yanka haruffan a jikin ƙarfen, ranar kuwa littafin soyayya yana kan cinyata. Sai na rubuta MAHAUKACI maimakon MAHAUCI.

Mutumin yana gani ya ɗaga allon ya sari maigidana, yana ihu, "Uban wa ya rubuta?"

Jini na zuba, maigidana ya ce, "Ni ne."

Yaya, duk littattafaina babu kalaman soyayya kamar waɗannan biyun. Kada Inna ta ji.

Ƙanwarki