Kwalbar da ta Cinye Mini Wata Takwas

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, ka ga kuwa ta warware.

Na ga saƙonka cewa in tattara in bar ɗakin gwaji tun kafin Farfesa ya kore ni. Yaya, ba inda za ni. Bari ka ji. Aikina a kan wani ɗan sashen furotin ne mai riƙe da ƙwayar ƙarfen tutiya biyu, wato zinc. Shi ke taimakawa a liƙa wata alama, ubikwitin, a jikin furotin ɗin da aikinsu ya ƙare, kamar yadda Baba ke zana alli a yadi inda almakashi zai bi. Alamar ce ke sa a kawar da su, in kuwa ba a kawar da su ba, ƙwayar halitta ba za ta rabu biyu ba. Wata takwas ina fama, alamar nan ta ƙi liƙuwa. A gaban kowa Farfesa ya ce hannuna ne ba shi da kyau, in wata ya ƙare ba sakamako, a ba wani teburina. Na sha kuka a banɗaki, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar Talata na ɗauko littafin haɗa ruwan gwaji, na bi shi layi-layi. Ashe ruwan babbar kwalbar da kowa ke ɗiba akwai sinadarin da ke fizge tutiya a ciki! In ba tutiya kuwa, sashen nan ba ya aiki. Na haɗa nawa ban sa shi ba. Sau uku ina maimaitawa, sau uku alamar na fitowa ɓaro-ɓaro.

Rubutun da ke shafin kuwa na Farfesa ne. Mataimakinsa ya ja ni gefe, wai in ce kawai hannuna ne ya faɗa, kada in kunyata babba. To, ranar da aka kunyata ni, wa aka ja gefe? Ba zan yi masa rashin kunya ba, ba haka Inna ta rene mu ba. Amma ɗalibai biyu na ɗiban ruwan nan har yau, su ma ana ce musu hannunsu ne. Ranar Litinin, a taro, zan ajiye littafin da sakamakona a gabansa. In ya ga dama ya ɗauke teburin.

Ka gaishe da Anti, da Kawu, da 'yar lelena mai wushirya. In Kawu ya sake tambaya ko ciwon hannu nake yi, ka ce masa hannuna lafiyarsa ƙalau.

Taka ƙanwa,
Auta